Yadda ake ƙidaya laifukan da ba a kai ƙara ba

Kundin 'yan sanda abin da aka kai musu ƙara kawai yake nunawa. Wanda aka zare wa waya a tasha yakan bar wa Allah ya tafi gida. Shi ya sa a 1989 Jan van Dijk na Holan da Pat Mayhew ta Ingila da Martin Killias na Suwizalan suka fara binciken ICVS, wato binciken ƙasa da ƙasa kan waɗanda aka yi wa laifi: a tambayi mutane kai tsaye, tambayoyi iri ɗaya a kowace ƙasa, kimanin mutum 2,000 a ƙasa guda.

Ingancin aikin ya rataya ne a kan tsarin tambaya. Ana fara tambayar abin da ya sami mutum cikin shekara biyar, sannan a ce, "A bara ne ko kafin nan?" Idan aka tsallaka kai tsaye zuwa bara, wanda aka fasa wa gida shekara biyu baya zai jawo abin kusa saboda zafinsa bai huce ba, adadi ya kumbura.

Cin hanci ya fi wuyar kamawa. Ka ce wa direba "Ka ba da cin hanci?" zai ce a'a da zuciya ɗaya, domin abin da ya miƙa a shingen hanya a wurinsa na goro ne. Don haka aikin ake kwatanta masa: kuɗi, kyauta ko wata alfarma bayan abin da doka ta yanka. Kuma ana bin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ɗan sanda, malamin asibiti, ma'aikacin kotu, don a tuno masa. Wajen lissafi kuwa, waɗanda suka yi hulɗa da ma'aikacin gwamnati cikin wata 12 kaɗai ake ƙirgawa. Da wannan ma'auni Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, suka samu waɗanda cin hanci ya shafa kashi 32 cikin ɗari a 2016, 30 a 2019, 27 a 2023.

Inda na fi ganin ana tafka kuskure shi ne wajen kwatanta ƙasashe. A ƙasashe masu arziki ICVS galibi ta waya aka yi ta, a faɗin ƙasa. A ƙasashe masu tasowa da dama gida-gida aka bi, a babban birni kaɗai. Jadawalin cin hanci na ƙasashe da ƙungiyar yaƙi da rashawa ta Transparency International ke fitarwa tun 1995 kuma ra'ayin masana da 'yan kasuwa ne yake tattarawa, babu wanda ya tambayi direban nan a cikinsa.