Hannu a baya

Ranar da na sauka Garwa, garinmu a Kamaru, bana, bayan shekara uku rabona da gida, ko ruwa ban gama sha ba Goggo ta jefo tambayar da kowa ke ta haɗiyewa: "Ke 'yar nan, wai da gaske ne mahaukata kike yi wa wanka a Faransa?" Tsakar gida ya yi tsit. Auta na gefen tabarma yana ɓarar gyaɗa, bai ɗago kai ba. Shi ma da wannan sunan yaran unguwa ke bin sa tun yana rarrafe, yanzu shekararsa 29.

Na ce mata, Goggo, hauka ciwo ne da ke zuwa wa mai hankali. Waɗanda nake aiki da su haka Allah ya halicce su, fahimtarsu ce ke tafiya a hankali, irin Autanmu. Ta ce to ai shi ke nan, lada kike nema. Na yi dariya, na ce da lada da albashi.

A watan Nuwamban 2018 na bi maigidana zuwa Roubaix, wani gari kusa da Lille, dab da iyakar Beljiyam. Faransancin da na koya a lekwal ya cece ni daga wahalar da wasu baƙi ke sha, amma bai cece ni daga sanyi ba, ko daga duhun da ke rufowa tun ƙarfe biyar na yamma. Garin duk jan bulo ne da dogayen bututun hayaƙi na masaƙun da suka daɗe da mutuwa. Ni da na tashi ina ganin motocin kamfanin Sodecoton maƙare da auduga, sai ga ni a garin saƙa da babu mai saƙa. Zancen takardun zama kuwa, da layin asuba, da "ki dawo wata mai zuwa", duk wanda ya fita waje ya san shi, ba sai na maimaita ba.

Da shara da goge-goge na fara a gidan kula da masu irin lalurar Auta, wanda suke kira fwaye. Manya ne ke zaune ciki, ƙaraminsu ya wuce ashirin, babbansu ya haura sittin, kowa da ɗakinsa da makullinsa. Da yawa daga irin waɗannan gidaje ƙungiyoyin iyaye ne suka kafa su, saboda tambayar da ke hana kowace uwa barci: in na mutu, wa zai riƙe shi? Ba a shiga haka kawai. Akwai ofishin naƙasassu a kowace gunduma, MDPH, wanda dokar 11 ga Fabrairun 2005 ta samar, shi ke duba mutum ya faɗi inda ya dace da shi. Masu ɗan ƙarfi ana tura su wuraren sana'a da ake kira ESAT, su yi ɗaurin kaya ko aikin lambu a biya su. Gurabe ba sa isa, har dubban Faransawa an kai su gidajen Beljiyam. Bayan shekara ɗaya da wani abu shugabar gidan ta ce ta ga yadda mazauna ke bina da tsintsiyata, in je in yi karatun aikin. Na yi, na samu takardar da ake kira DEAES.

Makona na farko na sha kunya. Akwai wani dattijo mai shekara 52, irin halittar Auta gare shi sak, har da ɗan gajeren wuya da yawan murmushi. A aji ne na fara jin dalilinta: ƙwayar gado ta 21, maimakon biyu sai ta zo uku. Babu hannun aljani, babu laifin uwa, ba kuma don mai ciki ta fita da magariba ba, kamar yadda aka yi ta yi wa Inna gori. Na tarar da shi yana fama da maɓallan riga, yatsunsa na zamewa. Kafin ka ce kwabo na durƙusa na ɓalle masa duka, har ina jin daɗin kaina. Abokiyar aikina, wata 'yar garin da ta fi shekara ashirin a wannan aiki, ta ja ni waje. Ta ce shekara biyu aka yi ana koya masa maɓallin nan, in na ci gaba da yi masa, cikin wata guda zai manta. "Ki sa hannunki a baya," in ji ta.

Wallahi a ranar na ɗauka mugunta ce. A gidanmu, ka ga mai rauni yana wahala ka tsaya kallo, ai sai a ce ba ka da imani. Washegari na tsaya a bakin ƙofa, hannuna a baya kamar ɗan makaranta gaban malam, ina kallon agogo. Minti ashirin. Maɓalli biyar, ɗaya ma a ramin da ba nasa ba. Da ya gama ya juyo ya buga ƙirji, ya kira sunana a karkace yadda yake kira har yau. Ban gyara masa wanda ya kauce ba, haka ya tafi karin kumallo.

Sauran aikin duk daga nan ya samo tushe. Ba ka shiga ɗakin mutum sai ka ƙwanƙwasa, ko da ba ya iya amsawa. Ba ka ce masa "yaro". Wanda ba ya magana, akwai allon hotuna, ya nuna shayi yake so ko kofi, wanka yanzu ko an jima. Kowa yana da kundinsa, inda ake rubuta abin da yake so ya cimma a shekara: wannan ya iya hawa bas shi kaɗai zuwa wurin 'yarsa, wancan ya iya ƙirga canji a shagon burodi. Rubutun kam ya yi yawa, wani lokaci sai ka ga takarda ta fi mutum samun kulawa. In wani ya fusata ya fara dukan kansa, ba a cewa iskokinsa ne suka tashi. Ana bin sawu: haƙori ne ke ciwo, ko an canza masa kujera, ko ƙarar injin shara ce ta dame shi? Sau da yawa haƙorin ne.

Batun wanka gaskiya ne, har da na maza, kuma shi ya sa shekara biyu ina ce wa Inna a lopital nake aiki. Na saba sa safar hannu, in rufe abin da ya kamata a rufe, in faɗa wa mutum abin da zan yi kafin in taɓa shi. Azumi ma na yi shi ina zuba wa wasu abincin rana, a watan Mayu, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare.

Da na ce wa Goggo gwamnati na ba kowannensu kuɗin da ya ɗan haura Yuro 1,000 a wata, sama da sefa 650,000, sai ta tafa hannu ta ce a haɗa wa Auta jakarsa yau-yau. Na ce mata mafi yawan kuɗin ci da kwana ke cinye shi, abin da doka ta ce lallai a bar wa mutum a hannu kashi 30 ne cikin 100. Abin da ban iya faɗa mata a gaban mutane ba shi ne ranar Lahadi. Akwai wata mata da ke sa rigar sanyinta tun hantsi, ta rataya jaka, ta zauna jikin taga tana jiran ɗan'uwanta. Tun da na fara aiki sau biyu na gan shi. Da yamma ni ke lallaɓa ta ta cire rigar.

Auta bai taɓa jiran kowa a taga ba. Da asuba yana sahun masallaci, da hantsi yana wurin mai shayi, duk suna da biki na unguwa da shi ake yi, kuma in ya makara mutum goma za su fita nemansa. Sai dai a wannan zuwan na lura da abin da da ba na gani. In aka tambaye shi abu, Inna ce ke amsawa. "Ya ƙoshi." "Ba ya son wannan." Takalmi ma ita ke sa masa, alhali na ga ya iya.

Da za a yi ɗinkin Sallah na ce ni zan kai shi kasuwa. Inna ta ce shaddar ruwan toka za a saya, ba ta nuna datti, ita ake yi masa kullum. A rumfar mai yadi na sa aka shimfiɗa kala uku, na ce, "Auta, wanne ka ke so?" Ya dube ni, ya dubi Inna. Inna ta buɗe baki, na riƙe mata hannu. Mai yadi ya fara gajiya, zafi na dukanmu, har wani ya leƙo ya ce Hajiya ku zaɓa masa mana. Can sai ya miƙa yatsa ya taɓa wata shuɗiya mai ƙyalli, irin wadda ni kaina ba zan taɓa zaɓa ba, ya ƙi sakinta har muka biya.

A hanya Inna ba ta ce uffan ba. Sai da dare, muna kwance a tsakar gida don zafin ɗaki, ta ce, "Ashe shuɗi yake so." Ta yi shiru, ta sake cewa, "To su waɗancan naku, in iyayen suka mutu, wa ke zuwa musu?"

Na ce, mu, Inna, masu aikin safe da masu aikin dare. Ta juya ta gyara wa Auta mayafi, shi kuwa yana barci rungume da ledar yadinsa.