Jifa mai lanƙwasa da gwiwar hannun yaro a wasan besbol

A Amurka an daɗe ana ja wa iyaye kunne cewa kada yaro ya fara jifa mai lanƙwasa, wato wanda ƙwallo ke karkacewa a iska kafin ta isa ga mai dukanta, sai gemu ya tsiro masa. Maganar da ƙamshin gaskiya, sai dai an ɗora wa jifan nan laifin da ba nasa ne shi kaɗai ba.

Taɓa gwiwar hannunka ta ɓangaren da ke kallon jiki, za ka ji wani ɗan tudun ƙashi. A jikin yaro guringuntsi ne ke riƙe da shi, kuma ba ya haɗewa da ƙashin damtse sai wajen shekara 15 ko 16. Duk jifa, idan hannu ya koma baya zai fizgo gaba, jijiyoyi na jan tudun nan. Jan ya yi yawa, wurin ya kumbura, wani lokaci tudun ya ɓalle. Wanda ƙashinsa ya ƙosa kuwa jijiyar ce ke tsinkewa, irin wadda Dakta Frank Jobe ya dasa wa ɗan wasan besbol Tommy John a 1974.

Masu bincike a Birmingham ta jihar Alabama sun auna, suka ga miƙaƙƙen jifa mai gudu ya fi mai lanƙwasa takura gwiwar hannu. Sun kuma bi yara 481 tsawon shekara 10. Sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna wanda ke jifa fiye da zagayen wasa (inning) 100 a shekara, haɗarin mummunan rauninsa ya ninka sau 3.5. Illar lanƙwasar kanta ba ta tabbata ba, ko da yake wani bincike na 2002 ya danganta ta da ciwon kafaɗa.

A ganina tarkon yana wajen koci. Yaron da ya iya lanƙwasa ƙwallo yana ci masa wasa, sai a yi ta saka shi.

Ƙa'idar Pitch Smart, wadda hukumomin besbol na Amurka suka tsara don taƙaita jifan yara, ta ce ɗan shekara 9 zuwa 10 kada ya wuce jifa 75 a rana, ɗan 11 zuwa 12 kuma 85. Jifa 21 zuwa 35 na buƙatar hutun kwana 1, 36 zuwa 50 kwana 2, 51 zuwa 65 kwana 3, daga 66 zuwa sama kwana 4. Idan yaro na buga wa ƙungiya biyu, iyaye ne za su haɗa lissafin, don wannan koci bai san abin da wancan ya ƙirga ba. A shekara ya huta wata 4. Kada kuma ya sauka daga jifa a mayar da shi mai cafe ƙwallo, wato wanda ke tsugune bayan mai duka, shi ma yana yawan jifa.

Yaro ba zai ce ya gaji ba, sai an lura: gwiwar ta fara zubowa ƙasa, ƙwallo na tashi sama, yana yarfe hannu tsakanin jifa da jifa. A cire shi nan take. In kuwa ya nuna tudun nan da yatsa ya ce nan ke ciwo, babu sauran jifa sai likita ya gani. Akan ɗauki hoton ƙashin hannu biyun a kwatanta, domin ɗan buɗewar guringuntsin ba ya fitowa fili a hoto ɗaya.