Lugude cikin kai

Zafin Sakkwato yau ba a magana. Kafin azahar ruwan randa ma ya yi ɗumi.

Daren jiya Auta ya yi ta fama da allonsa har da hawaye, ayoyin sun ƙi zama. Inna ta kore shi ya kwanta. Yau bayan asuba sai ga shi yana kawo su tiryan-tiryan, ko gargada babu. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa da Yaya ya biyo daga asibiti na tare shi da tambaya.

Ya ce, "Kin dai san lugude ko?" Na ce awo. Ya ce to shi ƙwaƙwalwa take yi idan barci ya yi nauyi. Akwai lantarki a cikinta mai kaɗawa iri-iri, wanda wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara aunawa a jikin mutum a 1924. Wata kaɗawar jan jiki take yi, kamar sau ɗaya a daƙiƙa. A kanta wata take hawa, mai bugu 12 zuwa 15 a daƙiƙa. Cikin wannan kuma wata mai tsananin sauri take tasowa daga hifokamfus, wurin da sabon karatu yake fara sauka. In taɓaren nan uku suka faɗa kan lokaci, sai a maimaita abin da aka koya da rana, a miƙa shi ga ɓawon ƙwaƙwalwa inda zai daɗe. Wallahi na ji daɗi, ikon Allah ke nan, yaro na kwance ana yi masa bita.

Sai na ce, "Yaya, to Inna fa?"

Ya ɗan yi shiru. Ya ce da shekaru barci mai nauyi yana raguwa, bugun ma yana saɓawa. A Kalifoniya ta Amurka an gwada tsofaffi, waɗanda nasu ya fi saɓawa su suka fi mantuwa da safe. Ya ce kada in sa wa raina komai tukuna.

Ai na riga na sa. Da hantsi ta tambaye ni inda carbinta yake, yana wuyanta. Kuma na san yadda take kwana in an ɗauke wuta: tabarma a tsakar gida, mafici a hannu, tana juyi har kiran sallar fari. Kullum cewa muke tsufa ne, mu wuce.

Kasuwa ban je ba. Tuwon dare ma kaɗan na taɓa.

Na roƙi Yaya ya samo mata fanka mai caji, ya kuma kai ta a duba ta. Ya ce ranar Litinin in Allah ya yarda.