Jamus da 'Yan Adawarta: A Hannun Wa Dokar Take?

Kakana tela ne a cikin birnin Kano, kuma ɗan NEPU ne na gani-kashe-ni. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai daina ba mu labarin ranar da aka kama shi tare da abokansa huɗu ba, saboda sun taru a wani zaure ba tare da takardar izini ba. An gurfanar da su gaban wani alƙali da hantsi, kafin azahar an yanke musu ɗaurin wata uku. Yakan ce ɗaurin bai ci masa rai kamar yadda wani abu guda ya ci masa ba: a cikin makon nan ɗaya jam'iyyar ta yi taronta a fili, da kiɗa da komai, babu wanda ya tambaye ta takarda. Wannan labari ne yake dawo mini duk lokacin da na karanta yadda gwamnatocin Jamus huɗu, wato Jamhuriyar Weimar, mulkin 'yan Nazi, Jamus ta Yamma da Jamus ta Gabas, suka yi da masu tsattsauran ra'ayi da 'yan adawa a ƙarni na 20.

Jamhuriyar Weimar da aka kafa a 1919 ba ta rasa doka ba. Bayan da wasu 'yan kishin ƙasa masu zafin kai suka harbe ministan harkokin waje Walther Rathenau a watan Yuni na 1922, majalisa ta zartar da Dokar Kare Jamhuriya, wadda ta ba da damar rushe ƙungiyoyi da rufe jaridu. Sai dai alƙalan da za su yi aiki da ita an gaje su ne daga zamanin sarauta, kuma zuciyar da yawansu ba ta tare da jamhuriyar. Wani masanin lissafi mai suna Emil Gumbel ya ƙidaya kashe-kashen siyasa na shekarun farko, ya samu 354 daga masu ra'ayin riƙau, 22 daga 'yan gurguzu da makamantansu; an zartar da hukuncin kisa kan mutum 10 daga ɓangare na biyu, ɓangare na farko kuwa ko mutum ɗaya. Da Hitila ya yi yunƙurin juyin mulki a birnin Munik a watan Nuwamba na 1923, shekara biyar aka yanke masa, bai kuma cika shekara a gidan yarin Landsberg ba bayan hukuncin aka sake shi. Dokar ta ce a kori baƙon da ya ci amanar ƙasa, shi kuwa ɗan Ostiriya ne a lokacin, amma kotu ta ƙi korar sa.

Abin da ya biyo baya ya zo da gaggawa. Hitila ya zama shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu 1933, majalisar Reichstag ta kama da wuta ranar 27 ga Fabrairu, washegari aka yi amfani da sashe na 48 na kundin tsarin mulki, wato sashen dokar ta-ɓaci, aka jingine 'yancin magana da na taro. Makamin da aka ƙera don kare jamhuriya shi aka yanka ta da shi. A watan Maris aka buɗe sansanin gwale-gwale na Dachau, kuma 'yan siyasa ne fursunoninsa na farko. Ranar 23 ga watan, wakilai 94 na jam'iyyar adawa ta SPD kaɗai suka ƙi amincewa da dokar da ta miƙa wa Hitila ikon majalisa, 444 suka amince. Zuwa 14 ga Yuli babu sauran jam'iyya ta halal sai ta 'yan Nazi.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne Jamus ta Yamma, wadda aka kafa da aka raba ƙasar gida biyu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Waɗanda suka rubuta kundin tsarin mulkinta na 1949 sun ga wuta da idonsu, don haka suka yarda cewa dimokuraɗiyya tana da haƙƙin kare kanta daga mai son shiga ta ƙofar zaɓe ya rushe gidan. Ni ma na yarda da haka, domin duk Bakanon da ya san abin da ya faru a 'Yan Awaki a watan Disamba na 1980, lokacin rikicin Maitatsine, ba zai ce a zuba wa mai tsattsauran ra'ayi ido ba. Amma sun cire wuƙar daga hannun gwamnati: sashe na 21 ya ce Kotun Tsarin Mulki da ke Karlsruhe ce kaɗai za ta iya haramta jam'iyya, bayan an saurari kowane ɓangare. Sau biyu kawai kotun ta yi hakan a ƙarnin, a 1952 kan SRP, magajiyar 'yan Nazi, sai a 1956 kan jam'iyyar kwaminisanci ta KPD, shari'ar da ta ɗauki kusan shekara biyar.

Duk da haka sun wuce gona da iri. A watan Janairu na 1972, ƙarƙashin shugaban gwamnati Willy Brandt, aka fitar da umarnin tantance aƙidar duk mai neman aikin gwamnati. An binciki mutane miliyoyi, daga malamin makaranta zuwa mai raba wasiƙu da direban jirgin ƙasa, aka hana fiye da 1,000 aiki, mafi yawansu masu ra'ayin gurguzu. Brandt da bakinsa ya amsa daga baya cewa kuskure ne. Wata malama da aka kora saboda tana sabuwar jam'iyyar kwaminisanci ta DKP, wadda kotu ba ta taɓa haramtawa ba, ta bi kadin haƙƙinta har Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam, a 1995 kuma aka ce an zalunce ta. Zalunci ne na gaske, ya cinye mata shekaru, amma akwai ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, aka kuma buɗe.

A Jamus ta Gabas babu irin wannan ƙofa. Tankokin Tarayyar Sobiyet ne suka murƙushe boren ma'aikata na 17 ga Yuni 1953, daga nan aikin ya koma hannun hukumar leƙen asiri ta Stasi, wadda zuwa 1989 take da ma'aikata kusan 91,000, ban da 'yan rahoto fiye da 170,000 da ke cikin jama'a. Daga shekarun 1970 sun rage kamu, suka koma ga rugurguza mutum a ɓoye: a ɓata masa suna a wurin aiki, a shiga tsakaninsa da matarsa, a sa abokansa su riƙa zargin shi ne ɗan rahoton. Lokacin da aka buɗe kundayen hukumar a watan Janairu na 1992, akwai waɗanda suka tarar da sunan maƙwabci, ko ɗan'uwa, ko miji, a matsayin mai kai rahotonsu.

Na taɓa tambayar kakana ko sun ɗaukaka ƙara. Ya ajiye almakashinsa a kan keken ɗinki, ya dube ni, ya ce, "Wurin wa, ɗan nan? Wanda ya kama mu da wanda ya ɗaure mu da wanda za mu kai wa kuka, duk a gida ɗaya suke karɓar albashi."