Wasiƙa Daga Holand: A Tambayi Iri Kafin Ruwa Ya Sauka

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na Ringim, Gumel, Ɗambatta da ƙauyukan kewaye. Ya zafin bazara? Allah Ya kai mu damina lafiya.

A nan Wageningen, garin da ya yi suna da jami'ar aikin gona, son sani ba a aji ya tsaya ba, manomi ma yana gwaji a gonarsa. Ga wani gwaji na sanin ko irinku zai tsira, da za ku yi a tsakar gida tare da yara, ba ko kwabo.

Saura sati biyu ko uku shuka, a ɗebo irin gero, wake, dawa ko gyaɗa daga sama, tsakiya da ƙasan buhu, a gauraya, a ƙirga ƙwaya 100. Kada a zaɓi manya-manya, yin haka yaudarar kai ne. A jiƙa tsumma mai tsabta, a matse har ya daina ɗiga, a jera ƙwayoyin layi goma, kowane layi goma, a naɗe a ajiye a inuwa. Safe da yamma a yayyafa ruwa kaɗan. Gero a ƙirga shi a kwana na 7, wake na 8, dawa da gyaɗa na 10. In 80 ko fiye suka tsira, irin lafiya lau. Tsakanin 60 da 80, a ƙara ƙwaya a kowane rami. Ƙasa da haka kuwa, gara a nemi wani irin tun kafin ya yi tsada.

Ruwa ne ke ɓata gwajin. In ya yi yawa, ƙwayar ba ta samun iska, sai ta ruɓe ta yi fumfuna, a ɗora wa iri laifin da ba nasa ba. In tsumman ya bushe wuni guda, tsiron da ya fara leƙowa ya mutu. Ɓera da kaji ma a yi hattara da su.

Shawarata, a bar wa yaro ƙirgar. A ce ya yi hasashe tun ranar farko, ya rubuta da gawayi a bango. Idan ya tambaya me ya sa waken da ƙwaro ya huda bai fito ba, kada a ce masa ya cika surutu. A ba shi ƙwayar ya fasa, ya ga inda aka cinye.

A gaida mutan gida. Wassalam.

Ɗanku,
daga Wageningen