Yadda na kai zafin tukunyar gida zuwa shagon kafinta a sanyin Minesota

A jihar Minesota ta Amurka, inda nake zaune, duk ruwan da aka bari cikin bututu a ginin da ba a ɗumama shi zai daskare tun hunturu bai yi nisa ba, kuma ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, abin da ya isa ya tsage bututun jan ƙarfe. A ƙarshen watan Janairun 2019 sanyi ya kai digiri 33 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas a birnin Miniyafolis. Shagona na kafinta yana bayan gida, da tazarar kimanin ƙafa 60 tsakaninsu, kuma daga Nuwamba zuwa Maris aiki ba ya yiwuwa a cikinsa, domin gam ɗin katako ba ya kamawa da kyau idan zafin ɗaki ya yi ƙasa da digiri 10, fentin ruwa yana lalacewa a gwangwaninsa, yatsu kuma su ƙage har mutum ya ji tsoron kusantar injin yankan katako.

Ban so sa hita mai harshen wuta a wurin da garin katako ke tashi kullum ba, ta lantarki kuwa kuɗin wutarta ba zai bar riba a aikin ba. Abin da ya rage shi ne tukunyar ƙarfe mai aiki da gas da ke ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wadda take dafa ruwan da ke zagaya gidan cikin bututu yana ɗumama shi. Ƙarfinta BTU 120,000 ne a awa (BTU ma'aunin yawan zafi ne), lissafin zafin da gidan ke asara a rana mafi sanyi kuma bai wuce 70,000 ba. Bayan na cushe bangon shagon da rufinsa da abin tare zafi na kuma toshe ramukan ƙofa, buƙatarsa ta sauko zuwa kimanin 28,000. Ashe akwai rarar da za ta ishe shi. Wannan lissafi shi ne farkon aiki, kuma wanda tukunyarsa ba ta da rara gara ya tsaya a nan.

Hanyoyi biyu ne a gabana. Ko dai in zuba ruwan hana daskarewa, wato gilaikol, a duk bututun gidan in miƙa reshe zuwa shago, ko kuma in bar ruwan gida yadda yake in yi wa shagon nasa zagaye daban, su biyun su haɗu a na'urar musayar zafi ba tare da sun gauraya ba. Ta farko ta fi sauƙin haɗawa, amma ta fi tsada a ƙarshe. Gidan tsoho ne mai manyan lagiretocin ƙarfe masu ɗumama ɗakuna, ruwan da ke cikinsu ya kai galan 60, alhali zagayen shagon gaba ɗaya bai kai galan 10 ba. Ban da tsada, gilaikol ba ya ɗaukar zafi kamar ruwa zalla, ya fi shi kauri, yana kuma zurarewa ta tsofaffin mahaɗai inda ruwa bai taɓa ɗiga ba. Ban ga dalilin ɗora wa gida duka wannan nauyi ba saboda ɗan ɓangaren da ke waje, don haka na raba su.

Gilaikol iri biyu ne a kasuwa. Na etilin, wanda ake zubawa a mota, guba ne, ga shi da ɗan zaƙi da ke jawo yara da dabbobi, sinadaran da ake ƙara wa na mota kuma suna cin abin da ke hana famfon tura ruwa ɗiga. Na furofilin shi ne aka saba amfani da shi a gidaje, kuma wajibi ne a sayi wanda aka haɗa musamman domin ɗumama gini, mai maganin tsatsa a ciki. Haɗin kashi 40 cikin 100 yana fara daskarewa a wajen digiri 21 ƙasa da sifili, na kashi 50 kuwa sai wajen 33. Na zaɓi 40, domin ko sanyi ya zarce haka haɗin ba ya zama ƙanƙara mai tauri nan take, yana yin kauri ne kamar kunun da ya kwana, kuma a wannan hali ba ya fasa bututu. Duk ƙarin da aka yi bayan abin da ake buƙata, famfo ne zai biya shi da wahala. A kuma karanta jikin jarka, saboda wasu an riga an sirka su da ruwa kafin a sayar.

Na'urar musayar zafin ba ta fi tubali girma ba. Jerin siraran faranti ne na ƙarfe marar tsatsa da aka liƙe, ruwan tukunya yana bin wani gefe, gilaikol yana bin ɗaya gefen, kuma ana haɗa su ne yadda za su riƙa gudu suna saɓa wa juna, domin a haka ne zafi ya fi ratsawa. Ruwa yana shiga da zafin digiri 82, gilaikol yana fita da wajen 70. Da yake zagayen shagon rufaffe ne, yana buƙatar duk abin da na gida ke da shi: famfonsa na tura ruwa, abin fitar da iska, bawul ɗin da ke buɗewa idan matsi ya kai 30 a agogon matsi, da tankin da ke karɓar kumburin ruwa, wanda ya kamata ya ɗan fi na ruwa zalla girma tunda gilaikol ya fi kumbura idan ya yi zafi. Abu guda da ba a sa masa shi ne layin da ke ƙara ruwa da kansa daga famfon gari, domin idan akwai ɗigo zai yi ta sirka haɗin ba tare da an sani ba, har ranar da zai daskare. Bututun da aka shafe da tutiya ma ba ya shiri da gilaikol. Haɗin da ya taɓa tukunyar kanta, fulamba mai lasisi ne ya yi, bayan an karɓi izinin hukumar gari.

Kafin haƙa ramin bututun na kira lamba 811 kamar yadda doka ta tanada, aka zo aka yi wa layukan gas da na lantarki alama da fenti da ƙananan tutoci. Dokar gini a kudancin jihar tana ɗaukar cewa sanyi na ratsa ƙasa har inci 42, amma bututun gilaikol ba dole ne ya kai can ba, nawa yana wajen ƙafa biyu da rabi. Abin da ya fi zurfi muhimmanci shi ne bushewa. Na sayi bututun roba na PEX mai inci ɗaya, guda biyu a cikin soso mai tauri da rigar roba mai hana ruwa shiga, a dunƙule guda ba mahaɗa a ƙarƙashin ƙasa. Yana da tsada ƙwarai, amma abin tare zafi idan ya jiƙe ya tashi aiki, kuma ana gane irin waɗannan gidaje da layin dusar ƙanƙara da ke narkewa a tsakar gida daidai kan ramin.

Babban haɗarin tsarin yana cikin na'urar musayar zafin, kuma shi ne abin da mutane suka fi mantawa. Idan shagon ya daɗe a kashe, gilaikol ɗin da ke ciki zai iya sauka ƙasa da sifili yana nan a ruwansa. Famfonsa na tashi, sai ya kwaso wannan sanyi ya kawo shi jikin faranti, kuma idan ruwan gefen tukunya yana tsaye zai daskare a 'yan mintuna ya fasa na'urar, a cikin gida mai ɗumi. Saboda haka muka haɗa wayoyin yadda famfon gefen tukunya ke fara tashi, na gilaikol kuma ba ya motsi sai ma'aunin da ke jikin bututu ya ji zafi. Tukunyar ƙarfe ma tana da nata sharaɗi: idan ruwan da ke komo mata ya daɗe ƙasa da digiri 55, tururin hayaƙinta yana zama raɓa mai tsami da ke cin ƙarfe da bututun hayaƙi. Bawul mai gauraya ruwa ya magance wannan. An kuma saita gidan ya riƙa samun zafi kafin shago.

Cika zagayen ya ɗauki haƙuri. Na sirka gilaikol da tataccen ruwa a bokiti, na sa ƙaramin famfo yana tura shi ta bawul ɗaya yana dawowa bokitin ta ɗaya. Da farko tiyon yana tari yana tofar da iska, daga baya ruwan ya koma fari fat da ƙananan kumfa, kuma sai da ya dawo garau da launinsa na ruwan hoda na rufe bawul na bar matsin a kan 15.

A cikin shago na rataye hita mai fanka, wadda gilaikol ke bi ta cikinta. Ƙarfin da ake rubutawa a jikin irinta an auna shi ne da ruwa mai zafin digiri 93, don haka na ɗauki wadda ta fi lissafina girma. Ina barin shagon a digiri 7 dare da rana, in ɗaga shi zuwa 16 idan zan yi aiki, kuma yakan kai cikin abin da bai wuce awa guda ba. Garin katako yana toshe haƙarƙarin hitar, sai an riƙa hure shi da iska.

Kowace kaka ina ɗibar 'yan ɗigo in duba ƙarfin haɗin da ƙaramin madubin awo, in kuma gwada tsaminsa da takardar gwaji. Ma'aunin tsamin, wato pH, ya kamata ya tsaya tsakanin 8 da 10. Idan ya sauka, ko launin ya koma ruwan ƙasa, maganin tsatsan ya ƙare, gilaikol ɗin ya fara cin ƙarfe, sai a ƙara magani ko a sauya shi gaba ɗaya, tsohon kuma a kai shi wurin karɓar sharar sinadarai na gunduma.