Ruwan da Mahaƙar Kwal Ke Bari a Baya

Duk ramin da aka haƙa har ya wuce matakin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ruwa zai bi shi ta kowace tsaga da ke jikin dutse. Saboda haka mahaƙar kwal ta ƙarƙashin ƙasa ba ta iya aiki sai da manyan injuna da ke zuƙe ruwa dare da rana suna fitar da shi waje. Idan aka ɗauki shekaru ana wannan zuƙa, matakin ruwan yankin yakan sauka ya yi siffar mazurari, ya fi zurfi a kan ramin, yana raguwa yayin da ake nisa da shi. Mai rijiya marar zurfi ne yake fara ganin alama, domin gugarsa za ta riƙa dawowa da laka, daga baya idon ruwa ya ƙafe, sannan rafin da a da yake gudana har cikin rani ya koma 'yan kududdufai.

Mutane da yawa suna ɗaukar ruwan kogi da ruwan rijiya a matsayin abubuwa biyu daban, alhali kuwa ɗaya ne yake ciyar da ɗaya. Wannan dangantaka tana fitowa fili a inda ake amfani da dabarar haƙa mai dogon bango, wadda inji ke yanke kwal ɗin gaba ɗaya a fage mai faɗin ɗaruruwan mitoci, a bar rufin dutsen ya rufta a baya da gangan. Ruftawar ba ta tsayawa a ƙasa. Tsagewa takan yi ta hawa sama, ƙasa ta lotsa, wani lokaci gindin kogin kansa ya dare. Haka ya faru da rafin Waratah a Ostiraliya, wanda ke zuba a madatsar Woronora da ke ba kudancin Sydney ruwan sha: dutsen gindinsa ya tsattsage, ruwa ya riƙa ɓacewa a wasu wurare, ya sake ɓullowa can gaba da launin tsatsa, har sai da aka riƙa ɗura wani sinadari cikin tsagogin domin a toshe su.

Ga mahaƙa kuwa, ruwa barazana ce ga rai. A watan Janairun 1959 kogin Susquehanna ya fasa cikin mahaƙar Knox a jihar Pennsylvania ta Amurka, bayan an yi haƙa kusa da gindinsa fiye da yadda doka ta yarda, mutum 12 suka rasu. A Chasnala ta Indiya, a watan Disambar 1975, ruwan da ya taru a tsohon rami ya ɓalle ya halaka fiye da mutum 370.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma a ganina ba a ba shi muhimmancin da ya dace, shi ne abin da ke biyo bayan rufe mahaƙa. A cikin kwal da duwatsun da ke kewaye da shi akwai wani ma'adini mai suna fairait, haɗin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne babu iska, ba ya cutar da kowa. Amma da zarar an buɗe ramuka iska ta shiga, sai ya fara ruɓewa yana haifar da asid, wato sinadari mai tsami da kaifi, wasu ƙwayoyin halitta kuma su ƙara hanzarta aikin. Ranar da aka kashe injunan zuƙa, ruwa zai fara cika ramukan sannu a hankali, yana narkar da duk abin da ya taru a jikin bango tsawon shekaru, har ya kai ga wata tsohuwar ƙofa ko wata tsaga a gefen tudu, ya fito. Yakan fito garau kamar ruwan sha, amma bayan 'yan mitoci da haɗuwarsa da iska sai ya rikiɗe ya yi ja, ya lulluɓe duwatsun rafi da wata laka mai santsi. Idan ka ɗaga dutse a irin wannan rafi ba za ka tarar da ƙwarin da kifi ke ci ba, kifin ma ya daɗe da barin wurin. Ba kowace mahaƙa ke fitar da ruwa mai asid ba, domin inda akwai dutsen farar ƙasa yakan kashe kaifin asid ɗin, sai dai ko a nan ma gishiri da ƙarfe suna nan a cikin ruwan.

Yankin Ruhr na Jamus ya nuna tsawon wannan nauyi. An rufe mahaƙarsa ta ƙarshe, Prosper-Haniel, a watan Disambar 2018, amma injuna ba su tsaya ba, kuma ba a sa ranar tsayawarsu ba. Ana zuƙe ruwan ramuka don kada ya hau ya gauraya da ruwan sha, ana kuma kwashe ruwan sama daga unguwannin da suka lotsa har suka koma ƙasa da kogunan da ke gefensu. Tun a 2007 aka kafa gidauniyar RAG domin ta ɗauki nauyin wannan aiki bayan an daina sayar da kwal. A Birtaniya kuma ana bi da ruwan tsofaffin ramuka ta tafkunan da ƙarfe ke kwantawa da fadamun da aka shuka wa ciyayi, kafin a sake shi cikin kogi.

Saboda wannan nake ganin bai kamata a ba kowa izinin haƙa ba sai an cika sharuɗɗa biyu. Na farko, a haƙa rijiyoyin gwaji, a auna zurfin ruwa da ingancinsa da yawan abin da rafuka ke ɗauka na tsawon damina da rani fiye da sau ɗaya kafin a taɓa ƙasa, a kuma bayyana sakamakon ga jama'a, domin idan babu wannan awo, ranar da rijiya ta ƙafe kamfani zai ce fari ne, mai rijiya kuma ba shi da hujjar musantawa. Na biyu, a ware kuɗin tace ruwa tun ana samun riba, a ajiye su a hannun da ba na kamfanin ba, tunda ruwan kan ɗauki shekaru kafin ya cika ramukan ya fito, kuma sau da yawa lokacin da zai fito kamfanin da ya yi haƙar ya riga ya rushe.